Shin mutum zai iya ɗora burinsa a kan hidimar jama'a kuma ya ci nasara a rayuwarsa?

Malamin Zaure ya rubuta:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni wata uku ke nan. Na karanta ilimin koyarwa a jami'a, aka tura ni bautar ƙasa wani ƙauye a jihar Jigawa, inda na koyar a ƙaramar sakandare. Ban daɗe da kama aiki ba na lura cewa da yawa daga cikin 'yan aji ɗaya ba sa iya karanta jimla guda ta Hausa, balle ta Turanci, alhali kullum ana cika musu allo da darasi suna kwafa kamar masu zana hoto. Sai na roƙi mai unguwa ya ara mini zaurensa bayan la'asar, na fara da yara 9, muna haɗa baƙi da wasali tun daga tushe. Kafin shekara ta zagayo sun kai 46, cikinsu har da 'yan mata masu tallar awara da sukan ajiye farantinsu a bakin ƙofa su shigo. Ranar da wata yarinya ta karanta wa mahaifiyarta saƙon da yayanta ya turo a waya daga Legas, uwar ta tako da ƙafarta har zaure tana hawaye, kuma tun daga ranar na ji a raina cewa na sami abin da nake so in yi da rayuwata.

Yanzu bautar ƙasa ta ƙare, alawus ya tsaya. Mahaifinmu ya rasu, akwai mahaifiyata da ƙannena uku da suke sa ran in fara kawo wani abu gida. Yayana yana da shagon atamfa a Kantin Kwari, ya ce in dawo Kano in kama masa, in Allah ya yarda bayan 'yan shekaru ya buɗe mini nawa. Da na gaya masa abin da ke zuciyata, sai ya ce godiyar mutane ba ta auno hatsi, kuma wanda bai tsaya da ƙafarsa ba, ba shi da abin da zai tallafi wani da shi. Ban ga ƙarya a maganarsa ba, amma kuma na kasa cire yaran nan daga raina.

Tambayata ita ce: shin da gaske mutum zai iya sa amfanar jama'a ya zama shi ne babban burinsa, kuma duk da haka ya ci nasara, ya rufa wa kansa da iyalinsa asiri? Ko kuwa dole ne a fara neman na kai, hidima ta biyo baya idan an samu? Ina roƙon waɗanda suka riga ni ganin duniya su faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka. Na yi shekara 35 ina koyarwa kafin in yi ritaya, saboda haka tambayarka ta taɓa ni ƙwarai.

Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka tsaya ka tantance abin da kake kira nasara, domin a nan ne kai da yayanka kuka rabu, ba a kan yaran ba. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kamarka. Ya koyar a Midil ta Bauchi, aka tura shi Landan ƙarin ilimi, ya dawo ya riƙe kwalejin horar da malamai ta Maru, kuma a zamanin da aikin gwamnati yake daidai da gadon sarauta ya ajiye shi a 1950 ya shiga gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba. Ya rasu a 1983 a gidansa na Gwammaja, wanda duk wanda ya shiga ya gani ya san ba gidan mai tara dukiya ba ne. Idan ma'auninka kujera ne ko kuɗi, to Malam bai kai inda wasu sa'o'insa suka kai ba. Amma yau filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa, gidan nasa ya zama cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma 'yan siyasar da ba su taɓa ganinsa ba suna rige-rigen jingina kansu da shi. Ni a wurina wannan nasara ce, kuma ba ta zo masa ba sai ta hanyar abin da ya tsaya wa talaka a kai.

Misalin da ya fi kusa da halinka kuwa shi ne na Barista Zannah Mustapha na Maiduguri. Lauya ne, amma a 2007 ya buɗe makarantar marayu da yara 36. Da rikicin Boko Haram ya yi tsanani, sai ya riƙa karɓar marayun kowane ɓangare, 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka ɗauki makami, ya zaunar da su a aji ɗaya. Wannan ne ya sa kowane ɓangare ya yarda da shi, har ya zama cikin masu shiga tsakani wajen sako 'yan matan Chibok, 21 a 2016 da 82 a 2017, kuma a shekarar 2017 ɗin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ina so ka lura da kyau: a ranar da ya tara yara 36 bai san da wata lambar yabo ba, kuma da ita ya sa a gaba da ba zai jure shekarun da ya jure ba. Abin da ya tara a hankali shi ne amana, ita kuwa amana jari ce da ba a sayenta a kasuwa, kuma ita ce take buɗe wa mutum ƙofofin da takardar shaida ba ta buɗewa.

Na ga haka a ƙaramin matsayina. Albashina bai taɓa isata ba, wannan gaskiya ne, amma lokacin da ciwo ya kwantar da ni bayan ritaya, ɗaliban da na koya wa ƙidaya shekaru talatin da suka wuce su ne suka ɗauki nauyin jinyata ba tare da na roƙi kowa ba. Hausawa da suka ce alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, gani suka yi. Shawarata ita ce kada ka saki zauren nan.

Uwar Marayu ta amsa:

Baba Hedimasta, ina girmama maganarku, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin misalan da kuka kawo ba. Sai dai ku yi mini afuwa in faɗa wa ƙanena ɗaya gefen, domin ni na bi hanyar da yake shirin bi, kuma na san inda ƙaya take.

Shekaru takwas da suka wuce na fara ciyar da marayun unguwarmu da ɗan abin da nake samu a ɗinki. Na ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfina, domin duk wanda ya zo da kuka ba na iya cewa a'a. Na fara da yara 5, kafin in ankara sun haura 30, na shiga cin bashin shinkafa da mai a wurin masu shago, na sayar da keken ɗinki ɗaya daga cikin biyun da nake da su, har aka koro 'yata daga makaranta saboda kuɗin zango alhali ina biya wa 'ya'yan wasu. Wata rana surukata ta kira ni inuwar giginya, na nesa ka sha, kuma na yi kuka sosai domin na san ba ta yi ƙarya ba. A shekara ta uku komai ya rushe. Yaran da na saba wa da abinci suka koma inda suka fito, ni kuma na shafe shekara biyu ina biyan bashi. Niyyata ba ta da aibi, tsarina ne ba shi da tushe, kuma waɗanda suka fi cutuwa da rushewar su ne waɗanda na ce ina taimako.

Ƙanena, muna jin labarin waɗanda suka yi hidima suka ɗaukaka ne saboda sun ɗaukaka. Waɗanda suka yi hidima suka karye ba a ba da labarinsu, kuma suna da yawa. Barista Zannah da Baba ya ambata yana da sana'arsa ta lauya kafin ya buɗe makaranta, bai fara da aljihu wayam ba.

Addininmu ma bai bar wannan a duhu ba. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya nemi rabi ya hana shi, sai ya yarje masa sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Mahaifiyarka da ƙannenka su ma jama'a ne, kuma su ne farkon waɗanda za a tambaye ka a kansu. Abdurrahman ɗan Aufu da ya isa Madina ba shi da komai, kasuwa ya ce a nuna masa, kuma daga kasuwar nan ne ya zama cikin manyan masu ciyarwa. Sayyidina Usman da dukiyar fatauci ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Don haka kada ka ɗauka shagon yayanka kishiyar hidima ne. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Manomin Maraɗi ya amsa:

Ina gaida Malam Hedimasta da Hajiya. Ni manomi ne daga jihar Maraɗi a Nijar, kuma ina ganin abin da ya faru a gonakinmu zai iya sasanta maganganunku biyu, domin kowannenku ya riƙe rabin gaskiya.

Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 da kuma na 1984, ƙasarmu ta zama fili fetal. Iska takan tone irin da aka shuka, sai mutum ya yi shuka sau biyu ko sau uku kafin hatsi ya kama, mata kuma suna tafiya mai nisa neman itacen girki. An kashe kuɗi mai yawa wajen dasa itatuwa, amma mafi yawansu suka mutu. Akwai wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, da yake aiki a yankinmu, wanda a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da muke sarewa kowace shekara lokacin sassabe ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe mafi ƙarfi, ko 'yan rassa kaɗan, ya sassabe sauran, ya kare su daga dabbobi da masu sara. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani.

Ga inda darasin yake. Lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, duk wanda ya bar itatuwa a gonarsa a ba shi hatsi, mutane kuwa suka yi ta bari. Da rabon ya tsaya, da yawa suka koma suka sare abin da suka raina, domin tun farko don hatsin suka yi. Waɗanda suka ci gaba su ne waɗanda suka ga amfanin a gonarsu da idonsu: gawo yana zubar da ganye da damina ya taki ƙasa ba tare da ya yi wa gero inuwa ba, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, kalgo da sabara suna tare iska suna ba da itace, abin da ya ragu a kai kasuwa. Wani abin da ya daɗe yana hana mutane shi ne tsoron ma'aikatan gandun daji, domin a da ana ɗaukar itace na gwamnati ne ko da a gonarka ya tsiro, kuma ba wanda zai raini abin da za a ci shi tara idan ya taɓa. Da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, sai aikin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci ba tare da an biya kowa ba. Yau ana ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200, kuma shi Rinaudo an ba shi babbar lambar yabo a Suwidin a 2018, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramukan tara ruwa da taki, wadda mu muke kira tassa.

Abin da na fahimta shi ne, alherin da yake ɗorewa shi ne wanda mai yi da wanda ake yi wa duka suke da rabo a cikinsa. Itacen da na bari a gonata ni yake fara amfana, amma yana tare wa maƙwabcina iska, kuma ba na jin wannan ya rage mini lada. Hajiya ta ɗauki nauyin duka ita kaɗai, shi ya sa ya karye ta.

Malam, ka tambayi kanka ko iyayen yaran nan 46 suna ganin amfanin karatun har su yarda su sa wani abu a ciki. Ba lallai ne kuɗi ba. A ƙauyukanmu malamin allo yana rayuwa da kuɗin Laraba da damin hatsi lokacin kaka da taimakon noma a gonarsa, kuma ba wanda ya taɓa cewa don haka karatunsa ya daina zama ibada. Idan iyayen suka yarda su ba da mudu ko 'yan kuɗi a mako, a yafe wa marayu da marasa hali, to ka sami tushe. Idan kuwa suka ƙi ba da komai, to ka san cewa har yanzu kai kaɗai kake son abin, kuma ba zai wuce ranar da ka gaji ba.

Malama Jaji ta amsa:

Ina goyon bayan Manomin Maraɗi, kuma ina so in ƙara abu biyu.

Na farko, ɗana, ka ce burinka amfanar jama'a. Wannan buri ya yi faɗi da yawa, kuma buri mai faɗi shi ne yake cinye mai shi, domin ba shi da iyakar da za ka tsaya ka ce na cika. Ka ƙuntata shi har ya zama abin da za ka iya ƙirgawa. Misali, ka ce kowane yaro da ya shigo zaurenka zai iya karanta shafi guda na Hausa cikin wata shida, kuma ka riƙa gwada su kana rubutawa a littafi. Wannan littafin shi ne zai zama shaidarka a gaban iyaye, da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, da duk wanda zai ɗauke ka aiki ko ya tallafa maka nan gaba, domin masu cewa suna son taimako suna da yawa, masu iya nuna abin da suka yi kuwa kaɗan ne.

Na biyu, kada ka bar aikin ya rataya a wuyanka kai kaɗai. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ba ta bi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya da kanta ba. Ta zaɓi dattawan mata amintattu ta karantar da su, ta naɗa su jajoji, wato jagororin mata masu koyarwa, ta ba kowacce malfa alamar izini, su kuma suka riƙa jagorantar 'yan taru, wato mata masu neman ilimi, daga ƙauyukansu zuwa wurinta, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba ta hanyar waƙoƙin da suka haddace. Shi ya sa aikin bai mutu da rasuwarta ba. A ƙauyen da kake, tabbas akwai matasa biyu ko uku da suka gama sakandare suna zaune. Ka koya musu yadda kake yi. Idan ka yi haka, ko ka zauna ko ka tafi Kano, zauren zai ci gaba da buɗewa bayan la'asar.

Game da niyya kuwa, kada Shaiɗan ya sa maka waswasi cewa neman abin rufin asiri ta hanyar koyarwa yana ɓata ikhlasi. Abin da za ka tsare zuciyarka daga gare shi shi ne son a gani a yaba, musamman a wannan zamani da ake ɗaukar hoton mabuƙaci kafin a miƙa masa abu. Kuma kafin ka yanke komai, ka je ka zauna da mahaifiyarka ka ji ta bakinta.

Malamin Zaure ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, labarinku ya tsorata ni, kuma ina ganin tsoron ya yi mini amfani.

Na je gida ranar Juma'a na zauna da mahaifiyata kamar yadda Malama ta ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba ta hana ni ba, amma kuɗin makarantar ƙannena ba zai jira ba. Mun yi magana da yayana a gabanta, muka tsaya a kan cewa zan kama masa shago daga Litinin zuwa Alhamis, in riƙa komawa ƙauyen sauran kwanakin har tsawon wata shida, sannan mu sake zama mu duba. Mai unguwa ya tara iyayen yara, 31 daga cikinsu sun amince su riƙa ba da wani abu kowane mako, kuma na sami matasa biyu, namiji da mace, da suka yarda in koya musu su riƙe ajin a ranakun da ba na nan. Abin da aka tara su za a riƙa ba, bayan an cire kuɗin alli da littattafai.

Baba Hedimasta, ina da roƙo a wurinku. Ban taɓa horar da malami ba, kuma makonni uku kawai nake da su kafin in fara zuwa shago. Da me ya kamata in fara da waɗannan matasa biyu, kuma yara nawa kuke ganin kowannensu zai iya riƙewa a farko ba tare da ajin ya fi ƙarfinsa ba?